Santimita Shida: Yadda Aka Koyi Ƙera Gadon Jariri

Ranar 12 ga Mayu, 1998, a wani gidan rainon yara mai lasisi da ke birnin Shikago na Amurka, aka kwantar da wani yaro ɗan wata 16 mai suna Danny Keysar don ya yi barcin rana. Gadon irin na tafiya ne, wanda ake ninkewa a jefa a mota, samfurin Playskool Travel-Lite. Sandunan bakinsa na sama suna da gaɓa a tsakiya domin ninkewar. A ranar nan gaɓar ta saki, sandunan suka rufto suka matse wuyan yaron, bai ƙara tashi ba. Abin da ya ƙara wa iyayensa ciwo shi ne labarin da suka ji daga baya: tun 1993 aka ba da sanarwar janye wannan gado daga kasuwa, kuma ɗansu ne yaro na biyar da ya mutu a cikin irinsa. Sanarwar ba ta taɓa isa kunnen mai gidan rainon ba.

Iyayen, Linda Ginzel da Boaz Keysar, malamai ne a Jami'ar Shikago. Suka kafa ƙungiya mai suna Kids In Danger, kuma bayan shekara goma sunan ɗansu ya shiga cikin dokar ƙasar.

Wanda ya kalli gadon da likitocin yara suke yabawa a yau zai zaci ba a gama shirya shi ba. Gefe huɗu ne masu sanduna, da katifa mai tauri, da zanin gado guda ɗaya da ya kama ta tsam. Babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana. Kakar da ta zo barka tana iya cewa an yi wa jikanta rowa. Sai dai kowane abu da aka cire daga gadon nan, da kowane awo da aka kafa masa, yana da labarinsa, kuma galibin labaran irin na Danny ne.

Tsoron farko: danne jariri

Kafin a fara jin tsoron gado, abin da mutane suka daɗe suna tsoro shi ne uwa ta danne ɗanta cikin barci. A labarin shari'ar Annabi Sulaiman da mata biyu, kamar yadda ya zo a Littafin Sarakuna na Tsohon Alkawari, jaririn ɗayar ya mutu ne saboda ta kwanta a kansa da dare. A ruwayar hadisi kuwa kerkeci ne ya ɗauke shi. Ruwayar farkon ta nuna cewa an san wannan haɗari tun shekaru dubbai da suka shige. A Turai ta tsakiyar zamani limaman coci sun yi ta hana iyaye kwana da jarirai a shimfiɗa ɗaya, suna kuma ɗora kaffara a kan wadda ta danne ɗanta.

Mutanen birnin Florence na Italiya sun nemi mafita wajen masassaƙa. A farkon shekarun 1730 wani Bature ɗan Ingila, Oliver St John, ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan bayanin wani abu da ya gani a can, ana kiransa arcuccio. Wani ɗan rumbu ne na katako da ƙarfe da ake kifawa a kan jariri a tsakiyar gadon manya, an yanke masa gurbi a gefe don nono ya isa bakin yaron. Mai shayarwa tana iya juyi yadda take so, nauyinta da na bargonta ba za su sauka a kansa ba. Ya ruwaito cewa an wajabta wa matan da ake biya su shayar da 'ya'yan wasu yin amfani da shi, wadda ta ƙi kuma a kore ta daga coci.

A Birtaniya zancen ya koma hannun likitoci da 'yan majalisa. A 1892 Charles Templeman, likitan 'yan sanda na birnin Dundee da ke Sikotland, ya wallafa nazarin jarirai 258 da aka tarar sun mutu a shimfiɗa cikin shekara goma. Kusan rabinsu a daren Asabar abin ya faru, daren da ma'aikata suke da albashi a hannu kuma shaye-shaye yake yawa. Dokar Yara ta 1908 ta mayar da shi laifi idan yaro ɗan ƙasa da shekara uku ya shaƙe a gado tare da babban da ya kwanta a buge. Daga nan ra'ayi ya kafu a Turai da Amurka cewa jariri ya samu gadon kansa. Gadon ƙarfe mai sanduna, wanda kuɗin cizo ba ya samun maɓoya a cikinsa kamar na katako, ya zama alamar gida mai tsabta da wayewa.

An ɗauka an gama da matsalar. Ashe an sauya mata wuri ne kawai.

Fenti da faɗin sanduna

A 1914 likitoci biyu a birnin Baltimore, Henry Thomas da Kenneth Blackfan, suka ba da rahoton wani yaro da ya mutu da gubar dalma. Da aka bincika sai aka tarar ya gwaigwaye farin fentin da ke bakin gadonsa. Mutanen Arewa sun san wannan guba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara. A Baltimore hanyarta ta bambanta, amma ɓarnarta ɗaya ce: tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Yaron da haƙora suke fito masa ba ya barin bakin gado, sai ya gwaigwaya. Duk da haka sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje da kayan yara, bayan shekara 64.

Haɗari na biyu yana tsakanin sanduna. Mutane da yawa suna zaton tsoron shi ne kan yaro ya shige tsakanin sanduna biyu, alhali akasin haka ne ya fi kisa. Kan jariri ya fi jikinsa girma. Yana juyi sai ƙafafunsa su zura, ɗuwawunsa da ƙirjinsa su bi, kan ya maƙale a ciki. Nauyin jikin da ke reto a waje shi ne yake shaƙe shi, kuma ba ya iya kuka balle a ji. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta cewa jarirai 150 zuwa 200 suna mutuwa kowace shekara a Amurka ta haɗurran gadon jariri.

A 1972 majalisar ƙasar ta kafa hukumar kula da amincin kayan da ake sayar wa jama'a, wadda aka fi sani da CPSC. Gadon jariri yana cikin abubuwan farko da ta sa a gaba. Dokar da ta fitar a 1973 ta ce kada tazarar da ke tsakanin sanduna biyu ta wuce inci biyu da kashi uku cikin takwas na inci, wato santimita 6. An samo adadin ne daga awon jikin jarirai: tazarar da ƙugun ƙaramin jariri ba zai iya ratsawa ba. Ma'aunin Turai da ya zo daga baya yana kusa da wannan, ya sa tazarar tsakanin santimita 4.5 da 6.5. Dokar ta kuma tilasta katifa ta cika gadon, domin ramin da ke tsakanin katifa da gefe yana iya haɗiye fuskar jariri. Daga nan aka samo gwajin da ake koya wa iyaye har gobe: idan fiye da yatsu biyu sun shiga tsakanin katifa da gefen gado, katifar ta yi ƙanƙanta.

Bayan sanduna sai ado. Masu ƙera gado suna son su bar ginshiƙan kusurwa huɗu su ɗara gefe tsawo, a sassaƙa musu ƙwallo a kai. Yaron da ya fara tsayuwa yana ƙoƙarin haurawa, wuyan rigarsa ko igiyar da ke wuyansa ta sarƙe a ƙwallon, ya faɗa waje ya rataye. Haka ramukan ado da ake hudawa a allon kai da na ƙafa suka riƙa kama wuyan yara. Daga baya aka soke su duka, aka ce kada ginshiƙi ya ɗara gefe da fiye da milimita ɗaya da rabi.

Shawarar da ta zo daga likitoci

Yayin da ake gyaran katako, wani abu mafi muni yana faruwa a kan katifar kanta. Jarirai lafiyayyu, galibi 'yan wata biyu zuwa huɗu, ana kwantar da su da dare a wayi gari sun mutu, binciken gawa kuma bai nuna dalili ba. A wani taron masana da aka yi a jihar Washington a 1969, likita Bruce Beckwith ya ba abin sunan da ake taƙaitawa da SIDS, wato mutuwar fuju'a ta jarirai. A Birtaniya mutuwar gado suke ce mata.

Ɗaya daga cikin manyan dalilanta yana rubuce a littattafan raino. Benjamin Spock, likitan da littafinsa na 1946 ya sayar da kofi kimanin miliyan 50, ya ba iyaye shawara, a bugun da suka fito daga rabin ƙarshe na shekarun 1950, su kwantar da jariri rub da ciki. Hujjarsa tana shiga hankali: idan yaro ya yi tumbuɗi yana rigingine zai iya ƙwarewa. Ba shi kaɗai ba ne, asibitoci da ungozomomi a Turai da Amurka da Ostareliya duk haka suka koyar. Babu wanda ya gwada shawarar kafin a yaɗa ta. An gudu gara aka faɗa gidan zago.

Jikin ɗan Adam kuwa ba haka yake aiki ba. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka abin da ya taso daga ciki yakan koma inda ya fito. Idan yana rub da ciki sai hanyoyin su juya, ruwan ya taru a bakin hanyar iska. Ga shi kuma fuskarsa tana nutse a katifa, yana sake shaƙar iskar da ya fitar, jikinsa yana ɗumama fiye da kima, barcinsa yana yin nauyin da ba ya farkawa idan numfashi ya yi masa wuya.

Alamu sun daɗe suna bayyana. A 1985 wani likitan yara, D. P. Davies, ya lura cewa irin wannan mutuwa ba ta cika faruwa a Hong Kong ba, duk da cunkoson gidajen birnin, kuma a can rigingine ake kwantar da jarirai. A 1987 Guus de Jonge ya fara gargaɗin iyaye a Holan su daina kifa 'ya'yansu. Susan Beal a Adelaide ta Ostareliya, da Ed Mitchell a Niyu Zilan, da Peter Fleming a Bristol ta Ingila, kowa ya tattara alƙalumansa, kuma duk wuri ɗaya suka nuna. Amma hukumomin lafiya na Birtaniya sun yi ta jan ƙafa har 1991, shekarar da ɗan fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, Anne Diamond, ya mutu a gadonsa yana ɗan wata huɗu da rabi. Ta tafi Niyu Zilan ta ga abin da suke yi, ta dawo ta matsa wa gwamnati lamba. Kafin shekarar ta ƙare aka fara gangamin wayar da kai, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sauya matsayinta a 1992, gangamin ƙasar ya fara a 1994, sakamakon ya zo iri ɗaya.

A 2005 Ruth Gilbert da abokan aikinta suka koma kan tsofaffin binciken. Suka gano cewa tun 1970 akwai shaidar da ta isa a yi shakkar kwanciyar rub da ciki, da an haɗa ta wuri ɗaya an duba. Ƙiyasinsu shi ne da an ceci jarirai fiye da 10,000 a Birtaniya, da aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostareliya.

Gefen da ke sauka

Shekaru da dama gadon da ya fi karɓuwa a Amurka shi ne mai gefe ɗaya da ake zamewa ƙasa. Uwar da ta sha tiyata wajen haihuwa, ko gajeruwa, tana sauke gefen ta ɗauki ɗanta ba tare da ta sunkuya sosai ba. Sauƙi ne na gaske, shi ya sa aka so shi. Matsalar tana cikin 'yan maƙalan da suke riƙe gefen. A da na ƙarfe ne, daga baya don rage farashi aka koma na roba. Suna karyewa, ko noti ya kwance, ko wanda ya haɗa gadon ya juya gefen sama a ƙasa bai sani ba. Sai gefen ya ɓalle daga kusurwa ɗaya, ya buɗe rami tsakaninsa da katifa, jariri ya gangara ciki ya maƙale.

A 2007 aka janye gadajen kamfanin Simplicity kimanin miliyan ɗaya. A Nuwamban 2009 aka janye na Stork Craft miliyan 2.1. A 2010 CPSC ta ce aƙalla yara 32 ne suka mutu a irin wannan gado daga shekarar 2000.

A nan labarin Danny Keysar ya dawo. Dokar amincin kayayyaki da majalisar Amurka ta zartar a 2008 tana da sashe mai ɗauke da sunansa. Sashen ya tilasta a kafa ma'auni na dole ga kayan jarirai masu daɗewa, maimakon a bar kamfanoni su bi idan sun ga dama. Ya kuma tilasta a sa katin rajista a cikin kowane kwali, domin idan an janye kaya a san wanda za a sanar. A kan wannan sashe hukumar ta tsaya a Disamban 2010 ta haramta gado mai gefe mai sauka. Daga 28 ga Yuni, 2011, ƙera shi ko sayar da shi a Amurka, sabo ko tsoho, ya zama karya doka.

Kyan ɗan maciji

Abu na ƙarshe da aka yaƙa shi ne taushi, kuma shi ya fi wuyar yaƙa, domin taushi kama yake da ƙauna. Tun zamanin da sanduna suke da faɗi aka ƙirƙiro wata katangar soso da ake ɗaurawa a kewayen cikin gado don ta toshe tazarar. Dokar 1973 ta kawar da dalilinta, amma katangar ta zauna, ta koma kayan ado da ake sayarwa tare da filo da bargo masu launi ɗaya. A 2007 likita Bradley Thach ya bi bayanan hukuma daga 1985 zuwa 2005, ya samu mutuwar yara 27 da aka danganta da ita: wasu fuskarsu ta nutse a soson, wasu sun maƙale tsakaninta da katifa, wasu igiyar ɗaurinta ta shaƙe su. Shikago ta hana sayar da ita a 2011, jihar Maryland ta bi a 2013.

Sai kuma kujerar barci mai jingina. A 2009 kamfanin Fisher-Price ya fitar da Rock 'n Play, wadda take kwantar da jariri a kishingiɗe, da karkata ta kimanin digiri 30. Iyaye sun so ta ƙwarai domin yara suna daɗewa suna barci a ciki. Amma wuyan jariri bai yi ƙwarin riƙe kansa ba. A kishingiɗe kan yana faɗowa gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta matse. Wanda kuma ya iya juyawa sai fuskarsa ta shige yadin. A Afrilun 2019, bayan mujallar Consumer Reports ta fallasa mace-macen, aka janye guda miliyan 4.7, lokacin an san mutuwar fiye da 30. A Janairun 2023 hukumar ta sake shelanta janyewar, ta ce adadin da aka ruwaito ya kai kimanin 100, kuma wasu sun mutu ne bayan sanarwar farko, a kujerun da suka rage a gidajen mutane. A Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta haramta katangar soso da duk wani wurin barcin jariri da karkatarsa ta wuce digiri 10.

Kwali da kwando

Tsada ba ta taɓa zama ma'aunin aminci ba, kuma ƙasashe biyu sun nuna haka. Tun 1938 gwamnatin Finlan take ba mata masu ciki marasa ƙarfi kayan haihuwa, a 1949 ta mayar da shi na kowa, da sharaɗin mace ta je awon ciki da wuri. Kayan suna zuwa a kwali mai 'yar katifa a ƙasansa, kuma jarirai da yawa a ƙasar a cikin kwalin nan suka yi barcinsu na farko. Masana suna jan kunne kada a ba kwalin ladar da ba tasa ba: awon ciki da kulawar asibiti ne suka fi rage mutuwar jarirai a can. Duk da haka kwalin yana da siffofin da tarihi ya tace, shimfiɗaɗɗe ne, mai tauri, kuma babu tarkace a cikinsa.

A Niyu Zilan an lura cewa gangamin 1991 bai amfani al'ummar Māori yadda ya amfani sauran jama'a ba. Kwana da jariri al'adarsu ce, shan taba kuma ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki, kuma haɗuwar waɗannan biyu tana ninka haɗari. Umarnin a raba uwa da ɗa bai karɓu ba. Wajen 2006 wani likita ɗan al'ummar, David Tipene-Leach, tare da masaƙa, suka fito da wahakura, kwando mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ake saƙawa da ganyen wata shuka ta gargajiya, a ajiye shi a kan gadon iyaye. Jariri yana kusa da uwarsa, hannunta yana kai masa, amma yana da fegin kansa. Dabarar masassaƙan Florence ce ta dawo bayan kusan shekara 300, a hannun mutanen da suka ƙi a ce su zaɓi ɗaya tsakanin al'adarsu da ran 'ya'yansu.

A kasuwa da shagon kafinta

Haramcin da aka yi a Amurka bai ƙone gadajen da aka riga aka ƙera ba. Miliyoyi ne, kuma kayan da suka tsufa a Turai da Amurka sukan sami hanyar shiga kwantena su sauka a kasuwannin gwanjo na Afirka ta Yamma, babu takardar haɗawa, babu katin rajista, babu mai aiko da sanarwa. Mai saye a Kano ko Maradi yana cikin halin da mai gidan rainon Shikago ta kasance a 1998. Gado mai gefe mai sauka, komai kyansa da arharsa, barinsa ake yi. Haka wanda aka maye masa noti da ƙusa ko waya, da wanda fentinsa yake ɓarewa, da na ninkewa da bakinsa ba ya kullewa da ƙarfi.

Wanda zai ba kafinta ko mai walda aiki yana da damar da mai sayen gwanjo ba shi da ita, domin shi zai faɗi awo. Tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6. Idan gwangwanin lemo ya ratsa, ta yi faɗi. Gefe huɗun duka a kafe su. Kada a huda ado a allon kai, kada a bar ginshiƙi ya ɗara gefe. Daga inda katifa take zama, idan an saukar da shi can ƙasa, zuwa bakin gado, ma'aunin Amurka ya ce aƙalla santimita 66. A yanka katifa mai tauri daidai da cikin gadon, a cire ledar da ta zo da ita. A tambayi irin fentin, idan babu tabbacin ba shi da dalma a goge katakon ya yi santsi a bar shi haka. Yaron da tsawonsa ya kai santimita 89, ko ya fara haurawa, ya girmi gadon, katifa a ƙasa ta fi masa.

Gidan sauro a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro ba abin cirewa ba ne. A ɗaure shi sama ya miƙe, a cusa bakinsa sosai, kada ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuskar yaro ko inda hannunsa zai kamo. Filon da ke zuwa haɗe da 'yan gadajen yadi na kasuwa a ajiye shi gefe. A lokacin hunturu a ƙara wa jariri riga maimakon tarin barguna, a bar kansa da fuskarsa a buɗe idan yana barci a ɗaki. Duk abin da ke da zare a wuyansa a cire kafin a kwantar da shi, a kuma nisanta gadon daga igiyar labule da wayar lantarki.

A gidajen Hausawa da yawa jariri a gefen mahaifiyarsa yake kwana, musamman a kwana arba'in na jego. Shawarar likitocin yara na Amurka ita ce ɗaki ɗaya, shimfiɗa daban, aƙalla wata shida, kuma sun ce hakan yana iya rage haɗarin mutuwar fuju'a da kusan rabi. Inda uwa take kwana da ɗanta, binciken ya nuna inda haɗarin ya fi tsanani: barci da jariri a kan kujerar falo, ko tare da mai shan taba, ko wanda ya sha abin maye ko magani mai sa barci, ko kuma idan jaririn bakwaini ne ko an haife shi da ƙarancin nauyi. A kowace shimfiɗa, rigingine ake kwantar da shi har ya shekara, dare da rana, a hannun uwa ko kaka ko mai raino.

Kafinta zai iya cewa sanduna masu yawa za su ci katako, kuɗi zai ƙaru, kuma shekara da shekaru yana yin gado da tazarar tafin hannu babu wanda ya dawo masa da ƙorafi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin haɗarin da yake samun gida ɗaya cikin dubbai ba ya bayyana a shagon mutum ɗaya; sai da aka tattara takardun mutuwa na ƙasa guda kafin a gan shi. Abin da ya rage wa uban yaro shi ne ya zaro tef, ya ɗora tsakanin sanduna biyu, ya ce a ƙara katakon.